Kun Tambaya, Mun Amsa: Maɓallin da ake cewa yana buɗe wa makafi shafin kasuwanci

Wasiƙu uku ne suka iso mana daga Jos a kan batu guda, kuma mun ga dacewar haɗa su a fitowa ɗaya. Wasiƙar farko ce ta fi ɗaukar wuri, domin amsarta ta shafi sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon atamfa, leshi da shadda a kusa da Taminus, kuma shekara biyu ke nan da na buɗe shafin intanet inda mutane suke zaɓar kaya su biya, mu kuma mu aika musu ta tasha. Kwanan nan yaron da ya gina mini shafin ya kawo shawarar mu yi rajista da wata manhaja ta wani kamfanin ƙasar waje, wadda ake biya mata kusan dala 50 duk wata. Ya ce da zarar an saka ta, wani ɗan maɓalli mai hoton mutum ya buɗe hannuwa zai fito a kusurwar shafin, kuma daga nan makafi da sauran masu buƙata ta musamman za su yi sayayya ba tare da wata matsala ba. Batun ya taɓa ni, domin kawuna ya rasa ganinsa shekaru da suka wuce, amma yana amfani da wayarsa da kansa. Shin in saya? Daga wata Hajiya mai shagon atamfa, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri da kika tuna da irin su kawu, domin 'yan kasuwa kaɗan ne suke tambayar kansu ko makaho zai iya shiga shagonsu na intanet. Amsata a taƙaice ita ce kada ki saya. Kuɗin nan, in kika kashe su wajen gyara shafin kansa, za su fi amfanar mutanen da kike nufi da su.

Kafin in faɗi dalili, ya kamata mu fara da yadda kawu yake amfani da wayarsa. A wayoyin Android akwai manhaja mai suna TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda kyauta ce, da JAWS, wadda ake saya. Aikinsu shi ne karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya, shi kuma yana zirga-zirga ta hanyar shafa allon da yatsa ko danna madannan kwamfuta. Wanda ya daɗe yana amfani da irin wannan manhaja ya riga ya saita ta daidai da kunnensa, ya zaɓi saurin murya, ya haddace hanyoyin tsallakawa daga wannan kanu zuwa wancan. Saboda haka idan ya zo shafinki, da kayan aikinsa yake zuwa. Abin da yake buƙata a wajenki shi ne a gina shafin yadda manhajarsa za ta gane shi: kowane hoto yana da bayani a rubuce, kowane maɓalli yana da suna, kowane gurbi a fom yana da lakabin da ke faɗin abin da za a rubuta a ciki, kuma ana iya kaiwa ko'ina ba tare da linzamin kwamfuta ba. Waɗannan ƙa'idoji suna cikin wani kundi da ake kira WCAG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo take fitarwa. An fitar da bugu na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, sannan na 2.2 a watan Oktoba na 2023.

Ita kuwa manhajar da ake tallata miki, wadda zan kira manhajar lulluɓi domin ana lulluɓa ta ne a kan shafin da aka riga aka gina, ba ta taɓa ainihin ginin. Abu biyu take yi. Na farko shi ne ɗan maɓallin da yaronki ya ambata, wanda in aka danna shi yake kawo zaɓin ƙara girman rubutu, sauya launi, tsayar da hotuna masu motsi, da makamantansu. Kusan duk waɗannan suna nan a cikin saitin wayar mutum da burauzarsa, wato manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita, kuma saitin waya yana bin sa kowane shafi ya shiga, alhali na maɓallin yana ƙarewa ne a shafinki kaɗai. Mai raunin gani da ba zai iya karanta ƙaramin rubutu ba, ai sai da ya ƙara girman rubutun wayarsa kafin ya iya neman adireshinki tun farko.

Abu na biyu shi ne ya fi jan hankalin masu saye, kuma a nan matsalar ta fi girma. Manhajar tana bin shafin a lokacin da yake buɗewa, tana amfani da ƙirƙirarriyar basira ta yi hasashen abin da ya ɓace, ta cike gurbin. Mu ɗauki kayan shagonki. A ce kin saka hoton atamfa mai yadi shida, shuɗiya da zanen ganye ruwan ɗorawa, 'yar Holan. Na'ura za ta kalli hoton ta rubuta wani abu kamar "kyalle mai launuka" ko "mace a tsaye", kuma da Turanci. Ba ta san bambancin Holan da ta Kwadebuwa ba, ba ta san ko turmi guda ne ko rabi ba, ba ta san ko shaddar nan gezna ce ba. Idan kina da turmi ɗari a shafi, makaho zai ji "kyalle mai launuka" sau ɗari, kuma a lissafin manhajar an gama gyara, tunda kowane hoto ya samu bayani. Ke da kika sayo kayan, ke ce kaɗai za ki iya rubuta jimlar da za ta sa mutum ya zaɓi turmin da zai kai wa matarsa da salla. Akwai kuma wata al'ada tamu ta 'yan kasuwar nan, wato rubuta farashi da lambar asusu a cikin hoton talla. Rubutun da ke cikin hoto, a wajen manhajar karanta allo, hoto ne kawai, kuma dogaro da na'ura ta tsinto lambar asusu daga ciki ba tare da kuskure ba kasada ce da kuɗin mutane.

Na taɓa zama kusa da wani abokina makaho yana ƙoƙarin sayen takalmi a wani shagon intanet da ke da irin wannan maɓalli. Ya zaɓi kayan, ya kai wajen biya, sai manhajarsa ta shiga maimaita kalma ɗaya da ke nufin maɓalli, sau huɗu a jere, ba tare da ta faɗi wanne ne na biya ba, wanne ne na soke ciniki. Da ya cike fom ya yi kuskure a lambar waya, shafin ya ja jan layi a gurbin, amma bai faɗi komai da murya ba, don haka ya zauna yana jiran abin da ba zai zo ba. Daga ƙarshe ya miƙo mini wayar. Abin da ya dame ni a ranar shi ne, mutumin nan malami ne mai iyali, kuma dole ta sa ya karanto mini lambar katinsa na banki.

Ban da gazawa, akwai inda manhajar lulluɓi take ɓata abin da yake daidai. Tana iya sauya sunan maɓallin da maginin shafi ya riga ya sa masa suna mai kyau, tana iya ɗauke mai karatu daga tsakiyar shafi ta mayar da shi sama, tana iya kama wasu madannan da manhajar karanta allo take amfani da su, kuma wasu suna katse mutum da sanarwa a kowane shafi ya buɗe. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, kuma mai shagon ba zai taɓa sani ba, domin shi da idonsa yake duba shafin, yana ganin komai lafiya lau.

Ba ni kaɗai nake faɗin haka ba. A 2017 sashen gwamnatin Birtaniya mai kula da ayyukan intanet ya gina wani shafi na gwaji, ya cusa masa matsaloli 143 da gangan, sannan ya sa manhajojin bincike masu sarrafa kansu su nemo su. Ko wadda ta fi ƙoƙari a cikinsu ba ta gano rabi ba. Abin da na'ura ba ta iya ganowa, babu yadda za ta gyara shi. A watan Yuni na 2021, Tarayyar Makafi ta Ƙasa a Amurka ta hana kamfanin accessiBe, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, shiga cikin masu ɗaukar nauyin taronta na shekara. A 2021 ɗin kuma cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah ta tambayi masu aikin sauƙaƙa wa nakasassu amfani da intanet, inda kashi 67 cikin ɗari suka ce irin waɗannan manhajoji ba su da amfani ko kuma amfaninsu kaɗan ne, a tsakanin masu nakasa kuwa adadin ya kai kashi 72. A watan Mayu na 2023, Dandalin Nakasassu na Turai da IAAP, ƙungiyar ƙwararru kan sauƙaƙa wa nakasassu amfani da fasaha, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa lulluɓi ba ya maye gurbin gyara ainihin shafi. Sai kuma watan Janairu na 2025, lokacin da Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, wato FTC, ta sanar cewa accessiBe zai biya dala miliyan 1, bisa zargin yaudarar masu saye da iƙirarin cewa manhajarsa za ta iya sa kowane shafi ya cika ƙa'idojin WCAG, da kuma nuna sharhin yabo da aka biya kuɗinsa kamar ra'ayin mutane masu zaman kansu.

Akwai kuma abubuwan da suka shafe mu a nan gida. Manhajar ba a shafinki take zaune ba, daga kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje ake janyo ta duk lokacin da wani ya buɗe shafin, wanda ke nufin ƙarin data da ƙarin jira ga mai ƙaramar waya a Bukuru ko Mangu, inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Idan ba ta gama saukowa ba, gyaran da ake taƙama da shi bai auku ba. Haka nan haya kike yi da dala: ran da kika daina biya, shafinki zai koma yadda yake, ba ki mallaki ko bayanin hoto ɗaya ba. Sannan ga batun sirri. Wasu daga cikin manhajojin nan suna ƙoƙarin gane cewa mai ziyara yana amfani da manhajar karanta allo, ko su nemi ya zaɓi nau'in larurarsa, kamar farfaɗiya ko raunin gani, su ajiye zaɓin. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma a shagonki ne ake karɓar bayanin. Ni a ganina, ko ba don doka ba, bai dace a ce sai mutum ya bayyana larurarsa ga wani kamfani da bai sani ba kafin ya sayi turmin atamfa.

To me za ki yi? Abin farin ciki shi ne, kurakuran da suka fi yawa ba masu wuya ba ne. WebAIM tana duba shafukan farko na gidajen yanar gizo miliyan ɗaya duk shekara, kuma a 2024 ta samu kurakurai a kashi 95.9 cikin ɗari, mafi yawansu iri shida ne: rubutu mai launin da ya yi kusa da na bango, hoto babu bayani, gurbin fom babu lakabi, mahaɗi (wurin da ake dannawa a tafi wani shafi) babu suna, maɓalli babu suna, da rashin bayyana harshen shafi. Ki kira yaron nan ki ba shi wannan aikin, kada ki yi masa faɗa, domin tallar da ya gani an tsara ta ne ta shawo kan irinsa. Bayanin hotuna ku raba shi tsakaninki da yaran shago, turmi goma a rana, kuna faɗin iri, launi, zane da yawan yadi. Farashi da lambar asusu su kasance a rubuce a wajen hoto. Shi kuma yaron da ya gina shafin ya tabbatar bambancin launin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 kamar yadda ƙa'idar ta nema ga rubutu na yau da kullum, ya ajiye linzamin kwamfuta gefe ya gwada yin sayayya daga farko har ƙarshe da madannai kaɗai, kuma inda aka yi rubutu da Hausa ya sa alamar da ke nuna Hausa ce. Bidiyon tallanki kuma a sa masa rubutu a ƙasa saboda kurame.

Bayan haka sai ki nemi alƙalan gaskiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Filato ba mu rasa su ba. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, Jami'ar Jos tana da sashen ilimi na musamman, jihar tana da hukumar kare haƙƙin nakasassu, ga kuma Ƙungiyar Makafi ta Najeriya. Ki samu mutum biyu ko uku masu amfani da TalkBack, ki biya su ladan lokacinsu kamar yadda za ki biya kowane ƙwararre, su gwada saye kina zaune kina saurare. Ki fara da kawu, in ya yarda.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina fitar da acha, zoɓo da busasshiyar citta zuwa ga 'yan Najeriya mazauna Amurka da Turai ta shafina. Wani kamfani ya aiko mini da saƙo cewa za a iya maka ni a kotu a can saboda shafina bai dace da nakasassu ba, kuma manhajarsu za ta kare ni cikin awa 48. Gaskiya ne? Daga wani Alhaji mai fitar da kayan gona, Jos.

AMSA: Alhaji, rabin maganar gaskiya ce, kuma da wannan rabin ake sayar da sauran. A Amurka akwai dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990, kuma ana shigar da dubban ƙararraki duk shekara a kan shafukan kasuwanci. Shari'ar da ta fi suna ita ce wadda wani makaho mai suna Guillermo Robles ya shigar a kan kamfanin Domino's, inda a 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar kamfanin, shari'ar ta ci gaba. A Tarayyar Turai kuma wata doka da ta shafi kasuwancin intanet ta fara aiki ranar 28 ga Yuni, 2025, sai dai ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni masu ba da hidima nauyin, wato waɗanda ma'aikatansu ba su kai 10 ba kuma cinikinsu na shekara bai wuce Yuro miliyan 2 ba.

Rabin da ba gaskiya ba shi ne batun kariya. Kotu ba ta duba ko akwai maɓalli a kusurwa, tana duba ko mai ƙara ya iya amfani da shafin. An kai ƙarar kamfanoni masu yawa a Amurka alhali suna da manhajar lulluɓi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata shi ne Eyebobs, mai sayar da tabarau, wanda ya sasanta a 2021 bisa sharaɗin gyara shafinsa. Alkawarin awa 48 ɗin nan kuwa yana cikin irin iƙirarin da hukumar FTC ta ƙalubalanta. A gida Najeriya, Dokar Hana Nuna Wariya ga Nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tanadi tarar Naira miliyan 1 ga kamfani, ga mutum ɗaya kuma Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kuma a ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Nakasassu ta Ƙasa da ke Abuja. Mafi yawan tanade-tanadenta dalla-dalla sun shafi gine-gine, sufuri, ilimi, lafiya da aikin yi. Ko dokokin waje sun hau kanka, wannan ya danganta da inda kamfaninka yake da rajista da yadda kake ciniki, kuma lauya ne ya kamata ya duba takardunka, ba mai talla ba. Gyaran da na lissafa wa Hajiya a sama shi ne zai amfane ka ko da shari'a ko babu.

TAMBAYA: Malam, ni makaho ne, ina koyarwa a wata makaranta a Jos, kuma ina amfani da NVDA. Ina yawan cin karo da wannan maɓalli yana hana ni sakat. Akwai abin da zan iya yi daga ɓangarena? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, na gode da ka rubuto, domin maganarka ta fi tawa nauyi a wannan batu. A kwamfuta akwai ƙarin manhajar burauza mai suna AccessiByeBye, wadda kamfanin Pneuma Solutions, na wasu makafi masana kwamfuta, ya fitar a 2021 domin toshe irin waɗannan manhajoji, kuma wasu manhajojin toshe talla suna ba da damar hana su buɗewa. Wannan zai raba ka da katsalandan, amma kurakuran asali na shafin suna nan.

Ina kuma roƙonka, in lokaci ya ba ka dama, ka riƙa rubuta wa masu shagunan, ko da yake na san ba haƙƙinka ba ne ka yi musu aikin da ya rataya a wuyansu. Yawancinsu irin Hajiya ne, sun biya kuɗi da kyakkyawar niyya, kuma kamfanin yana aiko musu da rahoto cewa komai ya daidaita. Ka faɗa musu manhajar da kake amfani da ita, shafin da kake kai, da ainihin inda ka tsaya, misali cewa maɓallin biya ba shi da suna, ko cewa jerin jihohi ba ya buɗewa da madannai. In suka nemi ka gwada musu shafin gaba ɗaya, ka faɗi kuɗin aikinka kafin ka fara.